Motar farko: albashin wata nawa ya kamata ta ci?

Kabir:
Assalamu alaikum manyanmu da abokan aiki. Shawara nake nema. Ina aiki a sashen tantance masu neman bashi, an tabbatar da ni, kuma yanzu na cancanci rancen mota na ma'aikata. Tunda ba ƙasa ɗaya muke ba duka a wannan zaure, ba zan kawo adadi ba, zan auna komai da albashina na wata, wato abin da ke shigowa hannu bayan haraji da fansho.

Na tara kwatankwacin albashin wata 5. Motoci biyu ne a gabana, duka na hannu. Akwai Mercedes C-Class mai shekara 10, kuɗinta albashin wata 14. Akwai kuma Corolla, kusan sa'arta ce a shekaru, albashin wata 8. Ruwan rancen kashi 10 ne a shekara, a biya cikin shekara 4. Zuciyata na kan Mercedes ɗin, ba zan ɓoye muku ba. Idan na zuba duk ajiyata na ranci sauran, zan iya ɗauka?

Usman:
Wa alaikumus salam. Mai tantance masu neman bashi ne yau yake neman a tantance shi. Bismillah, manya ku buɗe masa fayil.

Hajiya Rabi:
Kabir ƙanena, kafin mu je kan mota, amsa mini tambaya ɗaya. Kashi 10 ɗin nan, a kan me ake lissafa shi? A kan abin da ya rage maka na bashin kowane wata, ko a kan asalin kuɗin da ka ranta tun daga farko har ƙarshe?

Kabir:
Na sake duba takardar, Hajiya. A kan asalin kuɗin ne, ba ya raguwa.

Hajiya Rabi:
To ai ba kashi 10 ba ne ke nan, kuma ka fi ni sani, don da kwastoma ne ya kawo maka wannan takarda da tuni ka gano. Ruwan da ba ya raguwa, a shekara 4, idan ka mayar da shi kan ma'aunin ragowar bashi, yana kusa da kashi 18. Dalili kuwa a fili yake: a shekara ta huɗu ka riga ka biya kashi uku cikin huɗu na uwar kuɗin, amma ana cajinka kamar ko sisi ba ka biya ba.

Mu yi lissafin da ma'auninka. Mota wata 14, ka ba da 5, ka ranci 9. Ruwan 9 a shekara 4 shi ne 3.6. Jimilla 12.6, a raba wata 48, ya kama kashi 26 na albashinka kowane wata. Wannan fa motar tana tsaye a ƙofar gida, ba a ko tayar da ita ba. Sai ka ɗora mai, juye, taya, batir, sabunta takardu, da inshora. Kuma ka sani mai ba da rance yawanci ba ya yarda da ƙaramar inshorar nan mai biyan wanda ka buge kawai, cikakkiya zai ce ka yi, tunda motar ce jinginarsa. Idan ka haɗa duka ba zan yi mamaki ba in ka tarar kashi 40 na albashinka na tafiya a mota.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Ajiyarka za ta koma sifili ranar da ka karɓi makulli. Mota mai shekara 10, ba ka san tarihinta ba, kuma ba ka da ko albashin wata ɗaya a gefe. Da wani ne ya zo teburinka da wannan tsari, za ka sa masa hannu?

Faruk:
Hajiya, lissafinki daidai ne, ba na ja. Amma akwai abin da ba ya shiga takardar lissafi. Ni aikina fita neman kwastoma ne. Mutumin da zai damƙa maka dukiyarsa sai ya leƙa ta taga ya ga abin da ka hau. Ba na cewa daidai ne, haka mutane suke. A wannan sana'a tamu, shigarka da motarka wani ɓangare ne na katin shaidarka. Kabir matashi ne, albashinsa ba nan zai tsaya ba, nan da shekara biyu kashi 26 ɗin nan zai iya komawa 18. Kuma akwai garaɓasar ƙarshen shekara da ba a sa a lissafin ba. Araha ba ta ado, Kabir, in kana so ka hau, hau.

Hajiya Rabi:
Faruk, garaɓasa ba albashi ba ce. Shekarar da kamfani bai ci riba ba, wa za ka kama? Bashin kuwa ranar da aka sa masa ita ce ranarsa. Ƙarin girma ma haka, ba a cin bashi a kan wasiƙar da ba a rubuta ba tukuna. Sannan Kabir ba neman kwastoma yake fita ba, yana ofis yana karanta bayanan kuɗin kamfanoni. Masu ganin motarsa su ne mu da muke ajiye tamu kusa da tasa, kuma mu mun san albashin matakinsa.

Usman:
Wannan jimla ta ƙarshe ta yi zafi, Hajiya.

Zainab:
Ni ma ina fita wurin kwastomomi, Yaya Faruk, kuma abin da na lura suna gani shi ne: ka zo kan lokaci, motarka a wanke, ba ka fito kana zufa ba. Babbar mota mai hayaƙi da fitilar gargaɗi a kunne ta fi zubar da mutunci a kan ƙarama mai lafiya. Kuma a gefenmu mata akwai wani lissafi daban. Ƙarshen wata idan ana rufe littattafai, dare muke kaiwa. Abin da nake nema a mota shi ne in murza makulli ta tashi, ko da ƙarfe goma na dare ne. Sunan da ke goshinta ba ya kai ni gida.

Aminu:
Ni dai inda ban yarda ba shi ne yawan cewa mota asara ce, darajarta faɗuwa take yi. Na sayi tawa, na hau shekaru, na sayar sama da yadda na saya. Ina faɗuwar? Da na bar kuɗin a asusun ajiya da hauhawar farashi ta cinye su. Kabir, in ka sayi mai tsada, kadara ka ajiye.

Malam Haruna:
Aminu, ina da tambaya. Kuɗin da ka karɓa ranar da ka sayar, sun isa su sayo maka irin motar a irin shekarun da take da su ranar da ka saye ta? Na tabbata sai da ka yi ciko. To wannan cikon shi ne faɗuwar da kake nema. Lambar ce ta ƙaru, saboda kuɗin ne suka rage daraja, ba motar ce ta ƙara ba. Inda kake da gaskiya shi ne, a wurin da hauhawar farashi ta yi tsanani, mota ta fi kuɗin da aka ajiye ba a juya su ba riƙe daraja, kuma bashin da ruwansa ba ya canzawa yana sauƙi da tafiyar lokaci, in har albashi na bin farashi. Amma a kwatanta ta da abin da ya dace: takardun lamunin gwamnati, hannun jari, ko wata kadara da ba ta shan mai. Su ba sa neman juye.

Akwai kuma abin da ya faru a 2021 da 2022, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa motoci ya rage ƙera sababbi bayan annobar korona. Motocin hannu suka yi tsada a ƙasashe da yawa, mutane suka sayar da riba ta gaske. Wannan yanayi ne na musamman, ba ɗabi'ar mota ba ce. Wanda ya gina kasafinsa a kan zai maimaitu, caca yake yi.

Aminu:
Na ji, Malam. Cikon kam an yi shi. Amma ban fasa cewa gara mota da kuɗi a kwance ba.

Sadiya:
Akwai wata ƙa'ida da masu ba da shawarar kuɗi a Amurka ke yawan faɗa, 20/4/10. Ka ba da kafin alƙalami aƙalla kashi 20, kada bashin ya wuce shekara 4, kada hidimar motar ta wuce kashi 10 na albashi kafin haraji. Kabir ya cika biyun farko, ya faɗi na uku warwas, ko da Corollar ce.

Malam Haruna:
Haka ne, amma an yi ƙa'idar ne a inda mota ke cin albashin watanni kaɗan. A inda matashi zai haɗa albashin shekara guda kafin ya sayi ta hannu, in aka ce kashi 10, to ba mai hawa mota sai shugabannin sashe. Ni abin da nake ɗauka daga ciki shi ne ruhinta: a haɗa komai da komai a lissafi, ba biyan wata kaɗai ba, kuma a sa iyaka kafin a je kallon mota, ba bayan an zauna a ciki an ji ƙamshin kujera ba. In iyakarka kashi 25 ce, rubuta ta, ka tafi da ita.

Injiniya Bala:
Ni ba ɗan lissafi ba ne, ɗan'uwana ne ya saka ni a zauren nan, amma shekaruna a gareji suka ƙare, bari in sa baki.

Mercedes mota ce, ba wanda zai raina ta. Matsalar ita ce wanda ya saye ta sabuwa ya ci daɗin, mai saye a shekara ta goma shi ke gadon gyaran. Farashinta ya sauko, amma farashin kayan gyaranta bai sauko tare da ita ba, yana nan a matsayin motar masu hali. Tana son baƙin mai irin wanda kamfani ya rubuta, ba kowanne ba. Na'urorin lantarkinta suna da yawa, kuma ba kowane bakanike ke iya mata ba, wanda ya iya kuwa ya san ya iya. Corolla tun 1966 ake ƙera ta, zuwa 2021 an sayar da sama da miliyan 50. Wannan yawan shi ne sirrinta: kayan gyara ko'ina, masu gyara ko'ina, kuma ranar da ka tashi sayarwa ba ka kwana da ita. In kuma dole sai an ji daɗi, Kabir, ka leƙa Lexus ES, 'yar gidan Toyota ce, ta daɗe tana raba abubuwa da yawa da Camry. Sai dai ita ma ta fi Corolla shan mai, musamman mai silinda shida.

Amma ko wacce ka zaɓa, lafiyar wannan motar da ke gabanka ta fi sunanta muhimmanci. Corollar da aka wulaƙanta ta fi Mercedes ɗin da aka kula da ita cin kuɗi. Don haka ka je da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, ba kuma wanda dillali ya kawo ba, don dillali la'adarsa na kan a yi ciniki ne. Ka je da sassafe ka ce a tayar da ita a gabanka inji na sanyi. In ka tarar an riga an ɗumama ta, ka tambayi dalili, don ƙarar da hayaƙin da ake ɓoyewa a tashin farko suke fitowa. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu fari-fari kamar an zuba madara, ana iya samun ruwa na haɗuwa da mai, gaskit ke nan ko abin da ya fi shi. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa ko busasshen laka, don motocin da ambaliya ta shanye ana wanke su a fito da su kasuwa, kuma wayoyinsu ba sa daina ba da wahala.

A sa mata na'urar bincike. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da wurin jona ta, sauran ƙasashe ma suka biyo baya. Na'urar har tana nuna in ba a daɗe da goge laifuffukan ba, wanda shi kansa labari ne. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, ka tabbata wadda ke jikin gilashin gaba ita ce a jikin ƙofa, ita ce kuma a takarda. Da ita za ka bincika tarihin haɗari, da ko kamfani ya taɓa kiran motar gyara. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Jakunkunan iska na kariya a lokacin haɗari, na kamfanin Takata, sun sa an kira miliyoyin motoci na Honda da Toyota da BMW da wasunsu, har kamfanin ya durƙushe a 2017, kuma motocin waɗannan shekarun su ne ke yawo a kasuwar hannu. Mitar kilomita kuwa kada ka yarda da ita ita kaɗai, ana juya ta. Dubi sitiyari da fedar birki da kujerar direba, su ba sa ƙarya. Taya ma tana da ranar haihuwa a gefenta, lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In duk huɗun sun tsufa, kuɗin canza su ya shiga ciniki.

Malam Haruna:
Injiniya ya yi mana darasin da masanin tattalin arziki George Akerlof ya rubuta a 1970, ba tare da ya ambace shi ba. Da kasuwar motocin hannu ya yi misali: mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba, saboda haka mai saye ke taya kowace mota da farashin mai shakka, masu motoci masu lafiya su ƙi sayarwa, kasuwa ta cika da marasa lafiya. Aikin na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001 tare da Michael Spence da Joseph Stiglitz. Kabir, wannan shi ne aikinka na kullum ta wata fuska: mai neman bashi ya fi ka sanin halin kasuwancinsa, shi ya sa kake neman takardu. Kuɗin da za ka ba bakanike ya duba mota, kuɗin tantancewa ne.

Malam Isa:
Akwai gefen da ba a taɓo ba. Wasunmu ba sa shiga rancen da ke da kuɗin ruwa ko nawa ne. In Kabir na cikinsu, bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna da murabaha, inda banki zai sayi motar ya mallake ta sannan ya sayar maka da ribar da aka sani, ka biya kashi-kashi. Akwai kuma ijara, haya ce da kan ƙare da mallaka. Sai dai in ja kunne: halaccin tsari ba ya mayar da mota mai tsada ta zama mai araha. Ribar murabaha ma ka raba ta a kan watanni ka ga nauyinta a albashi, kamar yadda Hajiya ta yi. Ka kuma tambaya ko suna sassauta maka in ka biya kafin wa'adi, don farashin an riga an yanke shi, kuma ba kowane banki ke ragewa ba.

Hajiya Rabi:
Malam Isa ya tuna mini. Kabir, karanta sakin layin da ke magana kan barin aiki. Rancen ma'aikata da yawa, ranar da ka ajiye aiki ko aka sallame ka, ko dai ragowar ta zama abin biya nan take, ko a mayar da ita kan ruwan kasuwa. A shekarunka, babban ƙarin albashi sau da yawa daga canjin wurin aiki yake zuwa. Kada mota ta sa ka ƙi amsa kiran da ya fi.

Kabir:
Sakin layin yana nan, Hajiya. Kwana 90 suka bayar a biya ragowar.

Faruk:
To wannan kam ni ma ya sa na yi sanyi. Amma ina nan kan bakana cewa kada a mayar da yaro tsoho tun yana matashi. Ba don a tara kawai ake aiki ba.

Zainab:
Ba wanda ya ce kada ya ji daɗi, Yaya Faruk. Kabir, ba ka ce kana shirin jarrabawar CFA ba, ta ƙwarewa a nazarin harkokin kuɗi, a wancan zancen? Mataki uku ce, kowanne da kuɗin rajistarsa da littattafansa, kuma ba kowa ke wucewa a zama ɗaya ba. In mota ta cinye kashi 40, daga ina kuɗin za su fito? Ita ce za ta ɗaga albashin da Yaya Faruk ke hasashe, ba motar ba.

Ga shawarata. Ka gwada biyan kafin ka ci bashin. Daga wannan watan, ranar da albashi ya shigo, ka cire kashi 35 ka tura wani asusu da ba ka da katinsa, kamar motar na ƙofar gida. Ka yi wata 6. In ka rayu lafiya, ba ka taɓa ba, ba ka ranci na kati ba, to ka san ƙarfinka da hujja, kuma ajiyarka ta tashi daga 5 zuwa 7 da ɗoriya. In ka kasa a wata na uku, ka samu amsa ba tare da an biyo ka bashi ba. Gwajin ma ya fi gaskiyar tsanani kaɗan, tunda kana biyan kuɗin sufurin yanzu a kai, wanda zai ragu in motar ta zo.

Bayan wata 6, a kan Corolla: ka bar 3 a gefe don ko-ta-kwana, ka ba da 4, ka ranci 4. Da wannan ruwan nasu a shekara 3, ribarsu 1.2 ce, biyan wata kashi 14 da ɗan kai. In an yi maka kiran aiki a wani wuri, ragowar ba za ta fi ƙarfin ajiyarka da kuɗin sallama ba.

Aminu:
In kuma farashin ya tashi kafin wata 6 fa?

Zainab:
Zai iya tashi. Sai ya auna: tashin farashin wata 6 a gefe guda, shiga bashi ba ko sisi a ajiye a ɗaya gefen. In yana ganin tashin zai yi yawa, ya ɗauki Corollar yanzu, ya ba da 2, ya ranci 6, biyan wata ya kusa kashi 22 a shekara 3. Ya fi nauyi, amma ajiyar gaggawar na nan. Abin da ban ga hanyarsa ba ko ta ina shi ne ta wata 14 ɗin.

Usman:
Mercedes ta faɗi a kwamitin bashi da ƙuri'a mafi rinjaye. Faruk ne kaɗai ya ƙaurace.

Kabir:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan yi gwajin Zainab, amma wata 4 zan yi, don ina so in samu motar kafin karatun jarrabawa ya yi zafi, jiran abin hawa da dare na cinye mini lokaci. Yaya Faruk, ba a fasa ba, an ɗaga ne. Malam Isa, zan je in ji tsarin murabahar in kwatanta. Injiniya, Corollar da na gani otomatik ce, inji 1.8, mai ita ya ce giyar CVT ce, wato otomatik ɗin da ba ta da matakan giya. Akwai abin tsoro?

Injiniya Bala:
Injin 1.8 ɗin nan taiminsa na sarƙa ne, ba bel ba, ka huta da wannan kashe kuɗin. CVT kuwa ba abin tsoro ba ce in an kula da ita, amma tana da man giyarta na musamman, in aka zuba mata na otomatik na gama-gari an kashe ta. Ka tambayi mai ita yaushe aka canza man da wane iri, in ya fara kame-kame ka rage kuɗi ko ka wuce. Wajen gwaji ka hau da ita tudu daga tsaye, ka saurara ko tana kuka ko fizga. Kuma wannan da ka gani ba lallai ta jira ka wata 4 ba, kada ka ba da ko sisi don a riƙe maka. In lokacin ya yi ka turo mini lambar shasin ta akwatin sirri kafin ka je.